Tsohon da Ke Tofa wa Fitilun Motarsa Goro

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Tasawa ya san abin da kakana Illa yake yi kowace safiya. In ya dawo daga masallaci ba ya gaida kowa. Goro zai jefa a baki, ya wuce gaban motarsa ya tsuguna, ya yi ta tauna yana kallon ta kamar yana jiran ta fara gaishe shi. In ruwan goron ya taru, sai ka ji fuuu! a fitilar dama. Ya sake tarawa, fuuu! a ta hagu. Sannan ya kama bakin rigarsa ya bi gilashin yana shafawa a hankali, har da karkata kai. Shi ya sa duk rigunansa, har ta Sallah, gefe guda ruwan goro ne. Mama ta yi wanki ta yi wanki, ta gaji ta bar wa Allah.

"Tsoho, wannan ƙazanta har yaushe?" Gaisuwata ke nan.

"Uwargida, kin tashi lahiya? Ke dai ba ki san mota ba. Kwalliya nika yi mata."

Uwargida yake ce mini, ni kuma in ce masa Tsoho, ko Maigida in akwai abin da nake so. Wasan kaka da jika ne, kun sani. Sai dai ni na ɗauki wasan da gaske. Ni kaɗai ce a gidan nake iya faɗa masa magana tsirararta, kuma ban taɓa yi masa rowarta ba.

Motar tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake rufa wa tampol. Da ita ya yi shekaru yana kwasar ƴan kasuwa da buhunan hatsi da awaki zuwa Korgom da Mayahi da Gidan Amumune, har garin ya koma ce masa Illa Bashe. Lokacin da ya saye ta fitilunta rawaya ne, irin na motocin da can. Wani rago ya ga kansa a gilashin ɗaya, ya ja da baya ya kai wa kansa karo. Ɗayar kuma dutse ne ya tashi daga ƙafar kamyo, babbar motar kaya, ya tarwatsa ta. A garaji aka ce masa rawaya ta ƙare a duniya, aka sa masa farare. Daga ranar nan Tsoho bai sake samun kwanciyar hankali ba.

"Mota mai farar fitila," in ji shi, "kamar mutum ne da aka aske ma gira. Yana nan da ranshi, amma ba ka son ka dube shi."

Samarin yanzu masu liƙa wa fitilun motocinsu leda shuɗiya ko baƙa don gayu, ku sani Tsoho ya riga ku. Wani ya taɓa ce masa ana samun ledar rawaya ta musamman a Maraɗi, a yanka a liƙa, shi ke nan. Tsoho ya dube shi sama da ƙasa.

"In sayi launi? Launin da Allah ya zuba kyauta ko'ina?"

To, bari in faɗa muku abin da ke ƙasa tun yanzu, don ba na son kwana-kwana. Papa, wato mahaifina Lawali, babban ɗansa, mushe ne a lakkwal, malamin makarantar boko ke nan, kuma ya daɗe yana son karɓe makullin motar. Ya ce tsohon ya haura saba'in, ya isa ya huta. A gaban kowa ya faɗa masa: "Baba, ranar da ka goge ko da kaza ce, c'est fini, makulli ya dawo hannuna." Tsoho ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya ɗaure makullin a zariyar wandonsa, ya fito ya ce duk mai so ya zo ya karɓa. Mun yi dariya, amma mun san abin ba na dariya ba ne. Tun da kakarmu Hajo ta rasu, motar nan ce kaɗai take tashin sa daga shimfiɗa da safe.

Shekarar na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, ina zaune gida ina fushi da kowa. Sai Papa ya ce tun da ba ni da aikin yi, in riƙa bin Tsoho kasuwanni, in zauna gaba in sa masa ido, abin da na gani in kawo rahoto. Ƴar leƙen asiri ke nan aka yi ni, ni da ko asirin kaina ban iya riƙewa.

Ruwan goro ba ya daɗewa a gilashi, yayyafi kaɗan ya tafi. Don haka Tsoho ya shiga bincike. Ya kwashe gangamau ɗin Mama na miya, ya jiƙa ƙaro ya kwana, ya haɗa su a gwangwani, ya zuba gishiri dunƙule guda wai don launin ya kama. Ya shafa da gashin kaza. Wallahi, gaskiya ɗaya ce, ya yi kyau. Fitilun suka fito rawaya shar kamar kwaiduwa. Duk hanyar Gidan Amumune yana tambayata, "Ana kallon mu?"

"Jakai ne kaɗai a hanyar, Tsoho."

"To, suna kallo?"

Muka isa, aka sauke kaya, ya ajiye motar a inuwa ya tafi shan fura. Ina ciki ina danna salula sai na ji motar tana girgiza. Na ɗaga kai. Awaki biyar! Biyu sun ɗora ƙafa bisa ƙarfen gaba, uku suna tunkuɗar juna, kowace tana lasar fitila kamar an ce yau za a tashi duniya. Kafin in fito in kore su, sun wanke gilashin tas.

Awakin na wani makiyayi ne daga wajen Issawane, ya kawo su sayarwa. Bakinsu rawaya, gemunsu rawaya, har wata da ta goga fuska idonta ma rawaya. Duk mai saye in ya leƙo sai ya ja da baya ya ce, "Kai, ciwon shawara gare su!" Makiyayin ya zo yana kumfa, Tsoho ya zo da ƙwaryar furarsa a hannu yana tasa kumfar.

"Awakinka sun cinye mani aikin kwana biyu!"

"Kai kuma wa ya ce ka sa wa mota miya? Tun da nike ban taɓa ganin an sa wa mota miya ba!"

"Ba miya ba ce, fasaha ce!"

Mutane suka taru. Makiyayin ya duƙa, ya lakato ɗan abin da ya rage a gefen gilashin da yatsa, ya ɗanɗana. Ya lashe leɓe. Ya sake ɗanɗanawa.

"Gishirin ya yi yawa," ya ce.

Tsoho ya juyo gare ni. "Kin ji ko, Uwargida? Sai da na ce maki ki rage."

Ni da ko gwangwanin ban taɓa ba! Daga ranar ya yanko mini sanda. Duk kasuwar da muka je, ni ce a tsaye gaban mota cikin rana ina gadin fitila. Ni Barira, mai aji bakwai na sakandare.

Labarin leda ba zan daɗe a kansa ba. Ya samo ledar alewa rawaya ya ɗaure a fitilun da roba, ya kunna su da rana tsaka don a gani. Kafin mu fita gari ta narke. Wari ya cika motar, hayaƙi na tashi. Hajiya Tasalla mai ƙuli-ƙuli, wadda ta fi shekara ashirin tana shiga motarsa, ta yi ihu "Gobara!" ta dira da tasarta a kai tun motar ba ta tsaya ba, kuma ko ƙuli ɗaya bai faɗi ba. Tsoho ya leƙa ta taga ya ce, "Hajiya, ashe ciwon gwiwar ya warke?"

Sai wani marini abokinsa ya ce masa laifin gishiri ne, ruwan toka ake sa wa rini. Duk macen da ta taɓa shiga madafa ta san abin da ruwan toka yake yi wa gangamau: ja yake mayar da shi. Na fito da safe na tarar da fitilun jajawur kamar an yanka musu kaza.

"Tsoho, ja ne."

"Rawaya ce."

"Ja ne fa!"

"Rawaya ce mai ƙarfi. Shiga mu tahi."

Na ɗauka taurin kansa ne na kullum, na shiga. Ranar Korgom muka je, ciniki ya ja, magariba ta riske mu a hanyar dawowa, abin da Tsoho ba ya bari ya faru. Dole ya kunna fitila. Wani mai kabu-kabu, babur na haya, ya taho daga gabanmu a guje. Ya hango jajayen fitilu biyu, ya ɗauka bayan mota ne, yana ta ƙara wuta don ya cim mata ya wuce. Sai da ya zo dab ya ga bayan motar na nufo shi. Gonar gero ya faɗa, shi da moto. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba, amma ya juyo ya bi mu yana zagi har shingen jandarma na bakin gari.

Jandarman saurayi ne, mai ladabi. Ya zagaya motar sau biyu. Ya tsaya gabanta ya kama ƙugu.

"Baba, gaba kake tahiya ko baya?"

"Gaba mana, ɗana."

"To mi ya sa bayan motarka yake gaba?"

"Rawaya ce," in ji Tsoho.

Jandarman ya dube ni. Na ce, "Tun safe nake faɗa."

"Bon. Papiers."

Tsoho ya zaro jakarsa ta fata, ya fiddo takarda da ƙarfin hali irin na wanda bai taɓa laifi ba, ya miƙa. Na kalli takardar. Katin gayyatar sunan jikar maƙwabcinmu ne, har da zanen rago a jiki. Ya riƙe shi dab da fuskarsa kafin ya miƙa, ya duba shi sosai, kuma bai gane ba. Na fizge, na ce iska ce ta haɗa takardun, na laluba jakar na ba da permi, takardar izinin tuƙi. Jandarman ya ce sai an wanke fitilun a gabansa. Ni na wanke, da ruwan bido, jarkar da muke tafiya da ita, da gefen zanina. Jan ruwan ya gangaro cikin rairayi, Hajiya Tasalla ta leƙo daga baya ta dafe ƙirji: "Innalillahi! Wa muka take?"

Kowa ya yi dariya har da jandarman. Ni ban yi ba.

Da muka sauke mutane, muka rage mu biyu, na ce, "Tsoho, tun yaushe?"

"Tun yaushe mi?"

"Ba ka gani."

"Ina gani sarai. Duniyar ce ta dushe."

"Ja ka kira rawaya. Katin suna ka ba jandarma."

Ya shafa sitiyari. Sannan ya ce, ba da muryar wasa ba, "Hanyar nan a tahin hannuna take, ko ido rufe na san ta. In kika gaya wa ubanki ya karɓe makulli, to ki wuce daga nan ki sa a gina mani kabari."

Ni da ba a taɓa roƙo na in yi shiru na yi ba, ranar na yi.

Sai muka ƙirƙiro tsari. Shi ke riƙe da sitiyari, ni ke riƙe da hanya. Ba ma fita sai rana ta ɗaga, ba ma dawowa sai da sauran rana. Ina gaba ina kira: "Rami, bi dama! Amalanke! Rage! Jaki!"

"Na gan shi."

"Wane launi ne?"

"Launin jaki."

Fasinjoji ba su gane komai ba. Sun saba jin muna faɗa, sun ɗauka ci gaba ne.

A hanyar Mayahi akwai wata kwana da kullum in mun zo Tsoho zai danna ham, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji Rabe! Barka da hutawa!" Ya jira. Shiru. Sai ya yi tsaki. "Kin gani? Tun da mutumin nan ya dawo daga Makka ya daina amsa gaisuwa. Tare muka yi kiwo da shi hwa!" Mako na farko na yi shiru. Na biyu na cije leɓe. A na uku ya fara cewa zai aika a gaya wa Alhaji Rabe kada ya zo jana'izarsa, sai na kasa.

"Tsoho, suri ne."

"Mi?"

"Surin gara ne. Farar leda ce ta maƙale a kansa."

Muka yi tafiya mai nisa. Can ya ce, "Yanzu shekara guda nika gaida gara?"

"Da alama."

"To ai ko gara ce, shekara guda, ta amsa ko sau ɗaya."

Wata biyu muka yi a haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin watannin nan. Kullum in na dawo Papa zai ce, "Yaya tuƙin?" in ce, "Lafiya lau." Ƙarya nake, kuma na san ƙarya nake.

Ranar da abin ya ƙare, rana tsaka ce, muna shiga wani ƙauye kafin Mayahi. Salulata ta yi ƙara, na sunkuya in ga mai kira. Numfashi ɗaya. Amalanke ya fito daga bayan danga zai tsallaka, mata da yara a kai, sun ɗebo ruwa. Ihun Hajiya Tasalla ne ya sa ya taka birki. Ƙarfen gaban motar ya taɓa ƙafar amalanken, taɓawa kawai, bido ɗaya ya faɗo ya fashe. Wata ƴar yarinya tana zaune a bakin amalanken, ƙafafunta na reto daidai inda ƙarfen ya tsaya. Ta dube ni ta cikin gilashi. Ba ta ma yi kuka ba.

Tsoho ya ce, "Mi ya faru? Saniya ce?"

Na ba matan haƙuri, na koma na zauna. Na ce, "Yau zan faɗa."

"Uwargida..."

"Yau."

"To na sake ki."

"Saki nawa?"

"Uku!"

"Na gode. Dama na gaji da auren."

Da yamma ana cin tuwo na faɗa, ba gabatarwa. "Papa, Tsoho ba ya gani. Wata biyu ke nan ni nake tuƙa motar da baki. Yau mun kusa kashe ƴar mutane." Papa ya ajiye lomar da ya ɗauka. Faɗan da ya yi mini daga baya na cancanci kowace kalma. Amma shi Tsoho bai jira a tambaye shi ba. Ya tashi ya juya baya, ya kwance makullin daga zariya da kansa, ya ajiye bisa tabarma, ya shige ɗaki. Ba wanda ya ƙarasa tuwon.

Mako uku bai yi mini magana ba. In dole ta kama, sai ya ce wa Mama, "Ki gaya wa ɗiyar Lawali ta matsa." Ɗiyar Lawali! Da ya zage ni da ya fi. Motar tana ƙofar gida ba ta motsi, shi kuma ba shi da abin yi sai fitilunta. Safe goro, hantsi gangamau da ƙaro, la'asar lalle. Wani kan wani, wani kan wani. Ba wanda ya iya hana shi, kowa tausayi yake ji.

Papa ne ya samo dabara. Ya ce su tafi likita a Maraɗi a duba idon. In likita ya ce yana gani, makulli nasa ne.

"Mu tahi in kunyata ku," in ji Tsoho.

Na bi su, ba a gayyace ni ba. Likitan ya zaunar da shi, ya ja da baya kaɗan ya ɗaga hannu.

"Baba, yatsu nawa ne nan?"

"Haba likita. Duk karatun da ka yi, ba ka san yawan yatsunka ba sai ka tambayi direba?"

Likitan ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya haska idon ya ce yanar ido ce, duka biyun, ta yi kauri. Ya ce aikin ba mai tsawo ba ne, ana yi kullum, kuma in Allah ya yarda zai koma ga motarsa. Tsoho ya ce ba wanda zai sa masa wuƙa a ido yana raye. Papa ya lallashe shi da Hausa, ya koma Faransanci, ya dawo Hausa. Ni na gaji.

"Tsoho, ka bari a yi, ko ka koma gida ka ci gaba da gaida gara."

Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take. Karo na farko cikin mako uku.

"In na makance gaba ɗaya, ke za ki ja mani sanda har ki tsufa. Ba aure, ba lakkwal."

"Na yarda."

"Likita, ka shaida."

Aka yi wa ido ɗaya aiki. Washegari aka cire auduga muna tsaye. Ya ƙyafta, ya ƙyafta. Ya dubi tafin hannunsa. Ya dubi Papa.

"Lawali, yaushe ka yi furfura?"

Sannan ya dube ni. Ya daɗe, har na fara tsarguwa.

"Wagga ce na yi ta kira uwargida? Kai, an cuce ni." Muna cikin dariya ya ƙara da ƙaramar murya, kamar ba da mu yake ba, "Goshin Hajo ne sak." Ya kau da kai ya ce a nemo masa goro.

Amma ranar da muka dawo Tasawa ita ce ranar. Ya sauko daga motar haya da baƙin gilashin da likita ya ba shi, maƙwabta sun taru ana barka da arziki. Bai kula kowa ba, wajen bashe ya nufa. Ya cire gilashin. Ya tsaya.

Ku da kuka gan ta a lokacin kun san abin da ya gani. Fitilar dama ta koma launin ƙuli-ƙulin da ya ƙone. Ta hagu ba ta da suna. Ƙaro ya kama duk abin da iska ta kawo: ƙudaje, tururuwa, ƙaiƙayi, gashin kaza guda biyu a tsaye kamar gira. Wani wuri ya tsage, wani wuri ya yi gansakuka.

"Wane la'ananne ne ya yi wa motata haka?"

Mama ta shige gida da gudu, zani a baki.

"Barira!"

"Kai ne."

"Ni?"

"Da hannunka. Safe, hantsi, la'asar."

Ya zagaya ya sake dubawa ta ɗaya gefen, ko za ta gyaru. Ya juyo ya dubi taron, mutum ɗaya-ɗaya.

"Kuma duk kuna nan? Da idanunku biyu-biyu? Kuka bar ni ina yawo da wanga abu cikin mutane?"

Kwana biyu muka yi muna kankarewa da ruwan zafi da bayan cokali, shi yana ba da umarni, ni ina yi. Da gilashin ya fito fari tas, ya tsaya ya dube shi ya ce tsirara take, ba zai fita da ita haka ba. Ya dama gangamau kaɗan da ƙaro tsararo, ya tace da ƙyalle, ya shafa shafi ɗaya siriri, ba gishiri, ba toka. Hasken na fita sarai, da ɗan rawaya kamar hantsi. Har samarin garaji suka zo tambayar yadda ake yi. Ya ce su je su fara koyon gaisuwa.

Bayan an yi ido na biyu ya warke, Papa ya ce sai an yi gwaji. Shi zai zauna gaba, Tsoho ya kai mu Korgom ya dawo. Ni aka sa ni baya cikin buhuna, da sharaɗin ko tari kada in yi. A ranar nan ni aka fi gwadawa. Na ga rami, na cije mayafi, ya kauce. Na ga jaki, na rufe ido, ya rage. Da muka dawo ƙofar gida Papa ya fito, ya zagayo, ya russuna ya miƙa masa makullin da hannu biyu. Tsoho ya karɓa ya mayar da shi zariyar wandonsa.

Ranar kasuwa ta gaba na shirya tun da wuri, na ɗauko sandata, na kama ƙofar gaba.

"Ina za ki?"

"Mayahi mana."

"Wa ya gayyace ki? Koma ki yi karatun bak ɗinki. Kin faɗi sau ɗaya, ya isa."

Ya ja motarsa ya tafi shi kaɗai, Hajiya Tasalla a kujerata. Na tsaya ƙofar gida da sanda a hannu ina kallon su har suka sha kwana. Na yi kuka, kuma duk wanda ya tambaye ni na ce masa haushi ne.

Shekara guda da ƴan watanni ya ƙara yana tuƙi, ko kaza bai goga ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu ya kwantar da shi, lokacin girbi. A rana ta uku na kai masa kunu, ya riƙe mini hannu.

"Uwargida."

"Ai ka sake ni."

"Na maida ki."

"Saki uku ba a maidawa, Tsoho."

"Ni na maida. Wa zai kai ni ƙara?" Ya huta kaɗan. "Bakin nan naki, kada ki bari kowa ya gyara maki shi."

Bai ce ya gode ba, ban ce ya yafe mini ba. Kunun ma bai sha ba, ya ce ya yi ruwa.

Allah ya jiƙan Illa, ya yafe masa, ya yafe mini watanni biyun da na yi shiru. Ya Allah, kai ka mayar masa da ganinsa har ya ga fuskokinmu kafin ya tafi. Ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da Hajo, ka nuna masa abin da ya fi duk abin da ya gani a nan kyau. Amin.